Motar da Ta Koyi Tafiya a Ƙasar Namtari

Namtari gari ne a Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu a Jihar Adamawa, a kan hanyar da ta tashi daga Jimeta ta nufi Ngurore da Numan. Babbar hanyar kwalta ce, amma da zarar mutum ya sauka daga kanta ya nufi cikin unguwa ko gona, sai ya tarar da ƙasa iri-iri. Akwai rairayi mai laushi wanda ƙafa ke nutsewa a cikinsa. Akwai tsakuwa da burji. Can wajen fadama kuma akwai baƙar laka, wadda ke tsattsagewa da rani har tsagar ta ɗauki hannun yaro, da damina kuwa ta zama taɓo mai kama takalmi ya ƙi saki. Duk abin da ke tafiya a kan taya a garin nan, daga amalanken shanu da baro zuwa babur da tifa, dole ne ya san halin wannan ƙasa, in ba haka ba ya kwana a hanya.

Yaran garin sun san haka tun kafin su iya karatu. Lokacin da muke ƙanana, da hannunmu muke ƙera motocin wasanmu. Bayan an girbe dawa sai mu yi motar kara: mu ɓare bayan karan, mu yayyanka farin cikinsa mai laushi, mu harhaɗa shi da siraran ɓawon. Akwai motar gwangwani, wadda ake yi wa tayoyi da tsohon silifa ko murfin kwalba. Akwai kuma motar waya da ta langalanga masu dogon sitiyari, waɗanda yaro ke turawa yana tafe a bayansu yana kwaikwayon kukan inji da bakinsa. Waɗannan motoci ba su taɓa kafewa a hanya ba, domin injinsu hannun mai su ne. In rairayi ya riƙe su, sai a ƙara jan igiya.

Yanzu kuwa wata irin mota ta shigo, wato motar da ake tuƙawa daga nesa da rimot. Ana samunta a kasuwar Jimeta, ko sabuwa ko ta gwanjo. A cikinta akwai ƙananan injuna guda biyu masu aiki da batir: ɗaya yana juya tayoyin baya, ɗaya yana karkata na gaba hagu ko dama. Akwai kuma wani ɗan koren allo da masu gyaran rediyo ke kira fanel. Idan aka danna rimot, sai ya aika da saƙo ta iska kamar yadda gidan rediyo ke yi, fanel ya karɓa, ya ba injunan wuta. Dabarar ta daɗe a duniya. Tun a shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York na Amurka wani ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa daga nesa ba tare da waya ba. A shekarar 1979 kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motar wasa mai suna Rough Rider, wadda aka ƙera musamman domin turɓaya da gargada. Irin waɗannan masu tsada ne, kuma kowane ɓangare nasu ana iya kwance shi a sauya. Waɗanda suka fi isowa hannun yaranmu masu araha ne, an yi su ne domin daɓen siminti da tayil, ko da kuwa siffarsu ta motar daji ce.

Irin wannan ce ɗan ƙanwata ya saya sa'ad da yake aji uku na ƙaramar sakandare. Ya yi makonni yana bin masu yankan shinkafa a fadama ranakun da babu makaranta, yana tara abin da aka ba shi. Da kuɗin suka taru sai ya tafi Jimeta ya dawo da wata jar a-kori-kura ta gwanjo, tsawonta kamar santimita 35, tayoyinta manya masu ban sha'awa. A tsakar ɗakin mahaifiyarsa, inda aka yi daɓen siminti, gudu take kamar ɓera ya ga kyanwa. Da yamma ya fita da ita ƙofar gida, abokansa suka kewaye shi. Ba ta yi taku uku a cikin rairayi ba sai ta tsaya. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa ƙasa, injin yana kuka, motar tana ƙara binne kanta. Ana cikin haka wani ƙaramin yaro ya zo ya wuce ta gefenta yana jan motar gwangwani da igiya. Daga ranar abokansa suka sa wa motar suna Amarya, wai don ba ta fita daga ɗaki.

Mahaifiyarsa ba dariya abin ya ba ta ba. Ta zo ta same ni ranta a ɓace, ta ce, "Hamma, ka yi wa yaron nan magana. Kuɗin da ya kamata ya sayi takalmin makaranta ya kai wa abin banza. Ga jarrabawa tana tafe, shi kuwa ba ya barci, yana zaune yana kallon roba. Ni dai in ba ka karɓe ta ba, zan jefa ta a murhu." Hamma shi ne yadda ake kiran wa a gidajen Fulani, kuma in ta kira ni da shi da irin wannan murya, na san maganar ba ta wasa ba ce. Tana da gaskiya a kan takalmin, tana da gaskiya a kan jarrabawar. Sai dai ni malaminsa ne na Hausa a makaranta, na kuma san cewa shekara biyu ke nan ina neman abin da zai sa yaron nan ya rubuta layi goma da son ransa ban samu ba. Fulfulde yake yi a gida. Hausar baka ta zauna masa sarai, kamar sauran yaran garin da ke haɗuwa a kanta ko da harsunan gidajensu sun bambanta, amma in aka ce ya ɗauki biro sai hannunsa ya yi nauyi.

Saboda haka muka ƙulla yarjejeniya mu uku. Motar za ta zauna a hannunsa, amma ba zai taɓa ta ba sai ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar. Duk gyaran da ya yi zai rubuta shi da Hausa a littafi na musamman, ƙarƙashin tambayoyi uku: mene ne matsalar, me na sauya, me ya faru. Ni zan duba littafin kowane mako. In sakamakonsa na makaranta ya yi ƙasa, motar za ta shiga akwatina sai bayan jarrabawa. Ya ce, "Kawu, na yarda." Mahaifiyarsa ta ce, "Mu gani a ƙasa."

Makon farko bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya kwanta rub da ciki a ƙofar gida yana kallon yadda motar ke kafewa, ya rubuta laifuffuka huɗu: tayoyin suna da sulɓi da tauri, cikin motar yana gogar ƙasa, in taya ɗaya ta hau dutse sai wata ta ɗage sama, batir kuma yana mutuwa da wuri. Sa'an nan ya share fili a bayan gida mai tsawon taku 20, ya raba shi huɗu: rairayi, tsakuwa, ɗan kwari da ya haƙa, da hawa da ya yi da katako a kan bulo. Wannan fili shi ne alƙalinsa. Wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin hanya, wanda ya zama malaminsa na biyu, ya ba shi doka ɗaya tun ranar farko: "Yaro, kada ka sauya abu biyu a rana ɗaya. In ka yi haka, ko motar ta warke ba za ka san wane ne maganin ba."

Da tayoyi ya fara. Na asalin busasshiyar roba ce mai tauri, zanen da ke jikinsu na ado ne kawai. Ya je wurin mai faci ya roƙi tsohon tiyub, wato robar cikin tayar babur, ya yayyanka shi zobe-zobe ya sanya wa kowace taya. Robar tiyub tana da laushi, tana lanƙwasawa ta kama tsakuwa, don haka a wannan ɓangare na filin motar ta daina zamewa. A rairayi kuwa ba abin da ya sauya. Mai facin ne ya tambaye shi, "Ka taɓa kallon ƙafar raƙumi?" Ƙafar raƙumi faffaɗa ce, tana bajewa in ya taka, shi ya sa ba ya nutsewa inda jaki ke wahala. Haka ma direbobin da ke ratsa hamada sukan rage iskar taya domin ta ƙara faɗi a ƙasa. Nauyin bai ragu ba, amma ya rabu a kan wuri mai yawa. Yaron ya dawo gida ya yanko faya-fayai daga tsofaffin silifa, ya manna biyu a gefen kowace taya da gam, ya naɗe su duka da tiyub, ya kuma manna ƙananan gutsattsarin roba a gicciye domin su zama haƙoran tayar. Tayoyin suka ƙara faɗi, suka ƙara tsayi. Cikin motar ya ɗaga daga ƙasa da kusan faɗin yatsa ɗaya. Ran nan Amarya ta ratsa rairayi daga farko har ƙarshe.

Murnar ba ta daɗe ba. Da ta iso hawa sai ta tsaya a tsakiya tana nishi, injin ya yi zafi har yana warin ƙuna. Mai gyaran rediyo ya bayyana masa dalili. Babbar taya kamar dogon taku ce: kowane juyi yana cin ƙasa mai yawa, amma yana neman ƙarfi fiye da na ƙarama. Injin nan kuwa ƙarfinsa bai ƙaru ba. Suka buɗe akwatin giya tare. Giya ita ce ɗan faifai mai haƙora a gefensa, wanda ke shiga haƙoran wani ya juya shi. Dattijon ya sa yaron ya ƙirga. Ƙaramar giyar da ke bakin injin haƙoranta 10, babbar da take juyawa kuma 40. Wato sai injin ya juya sau 4 kafin babbar ta juya sau 1. Suka tona kwandon tarkacen shagon har suka sami wata ƙaramar giya mai haƙora 8 a cikin mataccen rediyon kaset, wadda girman haƙoranta ya dace da na babbar. Da yake ta fi ta farko ƙanƙanta, sai da suka matso da injin kaɗan, suka tokare shi da ɗan gwangwani, kafin haƙoran su kama juna. Yanzu sai injin ya juya sau 5 kafin babbar ta juya sau 1. Yaron ya yi lissafin a littafinsa da kansa: gudun motar ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, ƙarfin turinta ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu.

Wannan lissafi bai yi masa daɗi ba, domin kowane yaro gudu yake so. Ya tambaye ni ko akwai giyar da za ta ba shi gudu da ƙarfi a lokaci guda. Na ce ya tsaya ya kalli tifar da ta ɗauko yashi daga bakin Kogin Binuwai in tana hawa tudu. Direban yakan koma giya ta ɗaya, motar ta yi ta ruri tana tafiya kamar hawainiya, amma ta hau. In ya nemi gudu a wurin, baya za ta koma da shi. A ƙasan lissafin nasa na wannan rana yaron ya rubuta karin maganar da ya ji a bakin kakarsa, cewa ba a tauna taura biyu.

Akwai abu ɗaya da ya so ya taɓa, wani bakanike ya hana shi. Tayoyin bayan motar suna kan sandar ƙarfe ɗaya, tare suke juyawa. A babbar mota ba haka ba ne: akwai wasu giyoyi a tsakiya da ke barin kowace taya ta yi nata gudun a kwana. Wannan yana da kyau a kwalta, amma a taɓo shi ne ke sa taya ɗaya ta yi ta juyawa a banza ɗayar tana tsaye. Bakaniken ya ce manyan motocin daji har maɓalli ake yi musu na kulle waɗannan giyoyi, shi kuwa tasa motar a kulle ta zo. Yaron ya gane cewa ba kowane abu ne na mota mai araha ke buƙatar gyara ba.

Saura ɗagewar taya. Gangar jikin motar da sandar tayoyin a haɗe suke ƙam, babu abin da ke lotsawa. Ya raba su, ya haɗa su da ɗan maratayi na waya, ya sa sifirin biyu da ya ciro daga cikin biro mai dannawa. Tayoyin suka fara bin ƙasa, in ɗaya ta hau dutse ɗayar tana nan a ƙasa. Amma sai motar ta koma tsalle kamar kwaɗo, domin sifirin in an danne shi yakan mayar da duk abin da aka ba shi. A babbar mota akwai wani bututu mai mai a ciki kusa da kowane sifirin, wanda ke shanye wannan tsalle. Yaron ba shi da irinsa, sai ya cusa ɗan guntun soson katifa a cikin kowane sifirin. Tsallen ya ragu sosai.

Daga nan sai maganar nauyi. Batirin yana sama a bayan motar, saboda haka in ta fuskanci hawa sai gabanta ya ɗaga, in ta bi gefen gangara sai ta kife. Duk wanda ya taɓa ganin babbar motar da aka jibga wa buhuna har sama tana karkata a kwana a hanyar Numan ya san wannan ciwo. Ya sauko da batirin ƙasa, ya gwada shi a wuri uku. Da ya kai shi can gaba, tayoyin baya suka rasa nauyin da zai danne su, suka koma watsa ƙasa. Da ya kai shi can baya, gaban ya sake ɗagawa. Inda ya dace shi ne daf da gaban tayoyin baya, tare da noti biyu da ya ɗaure a hancin motar.

Batir shi ne wurin da na sa ido da kaina, domin a nan wasa ke iya zama haɗari. Motar ta zo da ƙananan batura huɗu masu caji, kowanne bolt 1.2, jimla 4.8. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da wutar ke turowa da shi. Yara da yawa sukan ciro batiran litiyam daga matacciyar kwamfutar cinya ko tocila, irin waɗanda ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu kuma 65. Kowanne bolt 3.7 ne, in aka jera biyu sun zama 7.4, in sun cika da caji ma sun haura 8. Wani abokinsa ya gwada haka a tasa motar. Ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba na ɗan lokaci, sai hayaƙi ya tashi daga fanel, shi ke nan. Ban da wannan, batirin litiyam yana iya kamawa da wuta in aka huda shi, ko aka yi masa caji da abin da bai dace ba, ko aka bar shi a rana, ga shi kuwa zafin Yola a watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Mai gyaran rediyo ya kwatanta wa yaron abin da tankin ruwa: tsayin tanki shi ke ba ruwa ƙarfin zuba, girmansa kuwa shi ke sa ya daɗe bai ƙare ba. Abin da motar ke buƙata babban tanki ne a tsayin da ta saba. Sai ya sayi sababbin batura huɗu masu bolt irin na farko amma masu ɗaukar caji da yawa.

Ƙura ma ta koya masa nata darasi. A lokacin hunturu ya cika akwatin giya da giris, yana zaton alheri ne. Ƙura da rairayi suka manne a giris ɗin suka zama kamar dutsen niƙa, suka fara cin haƙoran. Ya wanke su da tsohon buroshin haƙori, ya shafa ɗan kaɗan, ya toshe ramukan akwatin. Fanel kuma ya sa shi a cikin balan-balan ya ɗaure bakin, ya bar wayoyi kawai a waje, saboda raɓa da yayyafi.

Duk wannan yana cikin littafin, kuma a nan ne nawa aikin yake. Fulfulde tana da ɓ da ɗ, don haka waɗannan ba su ba shi wahala ba. Amma ba ta da ƙ, kuma ba ta raba sunaye zuwa namiji da mace kamar yadda Hausa ke yi. A shafukan farko yakan rubuta "mota ya tsaya", sai in ja layi in mayar "mota ta tsaya". Wata rana ya rubuta cewa motar ta ƙafe a rairayi. Na tambaye shi ko motar tafki ce. Ruwa ne ke ƙafewa, mota kuwa kafewa take. Wata rana kuma ya so ya ce ya ƙara faɗin taya, sai ya rubuta kara, wato abin da muke motar wasa da shi muna yara. Na yi shekaru ina rubuta irin waɗannan misalai a allo yana kallo suna wucewa. Da suka shafi motarsa, sau ɗaya aka faɗa masa ya riƙe.

Shi ne kuma ya lura da wani abu game da kalmomin da yake tarawa daga bakin masu sana'a: taya, giya, burki, sitiyari, sifana, sukurdireba. Ya ce, "Kawu, ashe duk waɗannan daga Turanci suke?" Na ce haka ne, amma ya dubi abin da aka yi musu. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, sai ta raba su da wasali, kuma ta fi son kalma ta ƙare da wasali, sai ta ƙara mata shi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To ai su ma an sauya musu taya ke nan."

Ya rubuta jarrabawarsa, motar ba ta taɓa shiga akwatina ba. Da ruwan farko ya sauka, yaran unguwa suka taru a bayan gidan. Amarya ta ratsa rairayi, ta bi ta kan tsakuwa, ta sauka kwari ta fito, ta hau katako har ƙarshensa ba ta tsaya ba. Sunan dai bai bar ta ba, amma yanzu da sha'awa ake faɗarsa. A daɓen siminti kuwa kowace sabuwar motar kanti tana wuce ta, kuma shi ya san dalili har da lissafinsa. Akwai kuma inda ta gaza. Ya kai ta fadama bayan an yi ruwa mai yawa, baƙar laka ta cike tsakanin haƙoran tayoyin har suka zama dunƙule mai sulɓi. Ya faɗaɗa tsakanin haƙoran, ya sake gwadawa, laka ta sake cin nasara. Ya rubuta cewa a wannan ƙasa ko tarakta jira take sai ta tsane.

Na ba shi labarin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi aikin zanen motoci a kamfanin General Motors na Amurka, ya zana motar nan mai aiki da lantarki Chevrolet Volt, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar da ke kula da tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya a shekarar 2017. Ba na cewa duk yaron da ya kwance motar wasa zai kai nan. Amma injin ban ruwa da manoman rani ke amfani da shi a bakin Binuwai, da babur, da injin niƙa, da farantin hasken rana da ke bisa rufin gidaje, galibinsu a wasu ƙasashe aka ƙera su, kuma a nan za su gamu da ƙurarmu da zafinmu da lakarmu. Garin yana buƙatar mutanen da za su iya durƙusawa su dubi inda abu ke kafewa, su sauya abu ɗaya, su gwada, su rubuta abin da suka gani domin na bayansu.

Yaron ya roƙi a kai shi makarantar koyon fasaha, kuma mahaifiyarsa ta amince bayan ta sa na karanta mata littafin daga farko har ƙarshe. Shafi 46 ne. A shafin ƙarshe ya zana yadda yake so tayoyin gaba su ma su riƙa ja, ya jera abubuwan da zai nema, ya kuma bar tambaya ɗaya ba amsa: ta yaya taya za ta riƙa karkata hagu da dama alhali inji yana juya ta? Har yanzu yana neman amsar a wurin bakanikai. Mahaifiyarsa kuwa ta daina zubar da matacciyar tocila da tsohon silifa. Akwai wani kwando a bayan ƙofarta da take tara masa su.